Aikin koyo a ofishin lauyoyin shige da fice na sa-kai a Amurka: me ake yi, ina ake tuntuɓe?

Rukayya: Salamu alaikum. Zan fara aikin koyo na wata uku a wata ƙungiyar da ke kare baƙin haure kyauta a Niyok. Yayyena da suka san harkar, me zan tarar?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Makon farko waya ce da fayil. Duk wanda ya zo, abu uku ake fara tambaya: lambarsa ta shige da fice mai farawa da A, ranar da ya shigo ƙasar, da ko yana da zama a kotu. Ranar shigowa ita ce uwa, domin fom ɗin neman mafaka, I-589, cikin shekara ɗaya da shigowa ake miƙa shi. In kika ga mutum ya kai wata goma, kada takardarsa ta kwana a teburinki, ki kai wa lauya nan take.

Sai iyakarki. Ke ba lauya ba ce. Za a tare ki a ƙofa a ce "'yata, kina ganin zan ci?" Amsar ita ce za ki isar wa lauya. Ko "fom kaza ya dace da kai" shawarar shari'a ce, ba hurumin mai koyo ba.

Hajiya Balaraba: Ƙari kan na Malam. Adireshi ya fi komai kashe ƙara. Wanda ya tashi daga gida yana da kwana 10 ya sanar da USCIS, hukumar da ke karɓar takardun shige da fice, ta fom AR-11, kotu kuma kwanakin aiki 5 ta fom EOIR-33. Hukumomi biyu ne daban, sanar da ɗaya bai wadatar ba. Sammaci ya tafi tsohon gida, mutum bai je zama ba, alƙali ya yanke hukuncin kora a bayan idonsa. Duk kiran da kika yi, ki tambayi adireshi, ko da jiya kun yi magana.

Kafin a rufe ambulan kuma: duba kwanan bugun fom a ƙasan shafi, don ana dawo da tsohon bugu, duba sa hannu, duba G-28, fom ɗin da ke nuna lauya ne ke wakiltar mutum, yana ciki, ɗauki kwafin komai. Wata ake fara rubutawa kafin rana, 03/04 huɗu ga Maris ne.

Issoufou: Tunda kina jin Hausa, tafinta za su mayar da ke, kuma nan ne aikin yake da nauyi. Mutum zai ce "ɗan'uwana aka kashe". Kika fassara shi da wanda suke ciki ɗaya, alhali ɗan baffansa ne, to ranar da lauyan gwamnati ya buɗe shafin I-589 inda aka jera 'yan'uwan haihuwa bai ga sunan ba, sai a ce ƙarya yake. Haka "Baba", haka "Inna". Tambayi: uwa ɗaya uba ɗaya? Haka lokaci: "bayan Sallah da kaɗan" ba kwanan wata ba ne. Wace Sallar, wace shekara? In bai tabbata ba a rubuta cewa kimanin lokacin ne, kada ki zaɓa masa rana don takarda ta yi kyau.

Takardun Nijar da Faransanci suke, suna ya zo Mahamadou a takardar haihuwa, Mohammed a wata. Kada ki gyara, bi na fasfo, sauran a sa su a gurbin wasu sunayen da aka taɓa amfani da su. Kowace takarda a fassara ta dukanta, har hatimi da rubutun gefe, sannan mai fassara ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Wani abu da ake mancewa: a kotu gwamnati ke kawo tafinta, amma a ganawar ofishin mafaka mai nema ne ke zuwa da nasa. Hausar Kumasi da ta Damagaram ba ɗaya ba ce, a gwada su tare tun kafin ranar.

Malam Sani: Za a dame ki da tambayar izinin aiki. Fom ɗinsa, I-765, na mai neman mafaka ana iya turawa bayan kwana 150 da miƙa ƙara, ba a bayarwa sai an cika 180, kuma in shi ya nemi ɗaga zama, ƙirgen yana tsayawa. Kuɗin fom na canzawa, duba shafin hukumar ranar turawa.

Hajiya Balaraba: Rukayya, da bizar karatu ta F-1 kike? In haka ne, je ofishin ɗaliban ƙetare na makarantarku ki yi maganar CPT, wato izinin aikin koyo na ɗalibi, kafin ranar farawa, ko da ba biyanki za a yi ba. Sannan jama'armu a yankin Bronks na Niyok ba yawa gare su ba, wanda kika karanta fayil ɗinsa da safe za ki gan shi wajen suna da yamma. Ki gaishe shi kamar kowa, ko mahaifiyarki kada ta ji cewa ya taɓa taka ofishin.

Rukayya: F-1 ce, Hajiya. Litinin zan je wajensu, in sha Allah. Na gode ƙwarai.