Hannun hagu ya ƙi bin dama, bugu mai laushi kuma ya gagara

Sabon Hannu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman atisayen da zai gyara min sarrafa sandar kiɗa. In na rage ƙarfi sai bugun ya watse, in na ƙara sauri hagu ta sage. A bugu biyu-biyu kuma, wato kowane hannu ya buga sau biyu a jere, na biyun kullum a shaƙe yake fita. Ina da faifan roba na atisaye da minti 30 a rana. Ta ina zan fara?

Mai Ganga:
Wa alaikumus salam. Fara da riƙo, don yawanci nan matsalar take. Kama sandar tsakanin babban yatsa da manuniya, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindinta. Sauran yatsu uku su kwanta a kanta, kada su matse. Ɗaga ta tsaye, ka jefa ƙasa da wuyan hannu, ka bar ta ta dawo da kanta kamar ƙwallo. In kai ne ke ɗago ta, ka shaƙe ta. Sa metronom, na'urar da ke ƙyas-ƙyas don riƙe sauri, a 60, wato ƙyas 60 a minti, bugu biyu a kowane ƙyas, takwas da dama, takwas da hagu, minti biyar. Ka fara da hagu, ka yi takwas ɗinta sau biyu kafin ka koma dama. Da ka ji kafaɗa ta ɗaga ko damtse ya ɗaure, rage 10 daga saurin.

Tsohon Makaɗi:
Ɗan'uwa, laushin bugu daga tsayin sanda yake zuwa. Mutane na ɗaga sanda sama sannan su taka mata birki don sautin ya yi ƙasa, shi ya sa yake watsewa. Bugu iri huɗu ne. Daga sama ta koma sama. Daga sama ka tsayar da ita ƙasa. Daga ƙasa ta tsaya ƙasa. Daga ƙasa ka buga a hankali ka ɗaga ta sama. Ƙasa ina nufin santimita 3 daga fata, sama kuwa kamar 25.

Gwada su a salon da ake kira faradidil (D dama, H hagu): D H D D, H D H H, kana ƙarfafa bugun farko na kowane huɗu. Na farko ya sauko ya tsaya ƙasa. Na biyu shi ne wanda ake mantawa: ya fita a hankali, amma hannun ya tashi nan take, don shi zai ƙarfafa bugun farko na huɗun da ke biye. Yi gaban madubi, ka ga ko kan sandunan biyu na kai tsayi ɗaya.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. To bugu biyu-biyun fa? An ce min in riƙa yi a kan filo.

Mai Ganga:
Filo na ƙarfafa wuyan hannu tunda ba ya mayar da sanda, amma kada ya wuce minti uku, in ba haka ba zai koya maka dannawa. Maganin bugu na biyu shi ne yatsu. Na farko wuyan hannu ya jefa, tafin ya ɗan buɗe, na biyu yatsu su fizgo sandar zuwa tafi. Yi D D H H kana ƙarfafa na biyun da gangan. Sannan juya shi: D H H D, don bugu na biyu na dama ya faɗa daidai kan ƙyas ɗin metronom, inda rauninsa ba zai ɓuya ba. Kada ka ƙara sauri sai ka yi minti biyu cur babu tuntuɓe, sannan ka ƙara 4 kawai. Ka kuma mirgina sandunan a kan tebur. In ɗaya ta lanƙwashe, sautin hannuwan ba zai taɓa daidaita ba.