Wai dole sai da sanayya aiki ke tafiya a ofis?

Sabon ma'aikaci:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na kama aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya amma har yau sunana bai hau tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya na IPPIS ba, ba albashi ba labarinsa, kullum na tambaya sai a ce fayil ɗina yana sama. Wani abokin aikina ya ce laifina ne wai ba na shiga mutane, daga tebur sai gida. Ni tsorona kar abin ya zama cuwa-cuwa.

Tsohon akawu:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Fayil ba shi da ƙafa, hannu ne ke ɗaukarsa, kuma ba darakta ne ya san teburin da ya kwana ba, masinja ne da yaran rajista da ke rubuta shigarsa da fitarsa a littafi. Ka riƙa gaishe su da sunansu, in an yi wa wani haihuwa ka je suna, in rasuwa ce ka bi ayarin ta'aziyya, in ana adashe ka shiga ko da ɗan kaɗan ne. Ba na ce ka ba kowa ko sisi ba fa, wannan daban. Ranar da masinja ya saba da kai shi da kansa zai zo ya ce maka takarda kaza ce babu a ciki shi ya sa aka ajiye shi gefe.

Mai gyaran waya:
Wlh ko mu nan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano haka muke yi, ba wanda ya iya komai, wani gwanin sikirin ne wani filashin, wato sake ɗora wa waya manhaja, wani sai in waya ta faɗa ruwa ake nemansa. Kwastoma zai kawo min wayar da ta fi ƙarfina in ce ya ɗan zauna, in zagaya wajen maƙoci ya duba min ko in karɓo kaya bashi a wani shago sai yamma a yi lissafi, in babu in jefa cigiya a guruf ɗinmu na WhatsApp. Amma ka ci amana sau ɗaya duk layin sun ji.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba akawu na yarda, mu ma musayar aikin dare tsakaninmu muke yi in ɗan wata ba lafiya, sai dai a sanar da shugabar ɗaki. Amma a faɗi ɗayan ɓangaren mana. Rabin maganar ofis a hanyar dawowa daga sallar azahar maza ke gama ta ko wajen mai shayi, mu mata sai dai mu ji an yanke. Haka baƙon da ba ɗan gari ba. Wanda bai san kowa ba shi ma ai haƙƙinsa ne fayil ɗinsa ya motsa.

Sabon ma'aikaci:
Na gode ƙwarai. Baba to in fara ta wajen masinjan ko shugaban rajista? Kar ya ga kamar na tsallake shi.