Ɗana zai yi sati biyu a sansanin hutu, me zan tambaye su kafin in sa hannu?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Babban ɗana, shekararsa 11, zai je sansanin hutun bazara irin na kwana, sati biyu cur, kuma bai taɓa kwana nesa da ni ba. Sun turo fom ɗin lafiya mai shafi huɗu, suna neman katin rigakafi da sa hannun likita, wai kuma ranar da zan kai shi sai nas ta duba shi a bakin ƙofa kafin su karɓa. Ni dai niyyata in haɗa masa 'yar jakar magunguna in cusa a ƙasan akwati, in ya ji ba daɗi ya sha. Waɗanda suka taɓa turawa, me kuka saka, me kuka tambaya?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara fitar da jakar nan daga akwati. Duk sansanin da ya san aikinsa ba ya barin magani a hannun yaro. Ki kai kowane magani a kwalinsa na asali, da sunan yaron da yadda ake sha a rubuce, ki damƙa wa nas hannu da hannu. Abin da ake iya bari kusa da yaro shi ne inhela ta mai asma da allurar gaggawa ta mai borin jini, su ma da sanin nas da mai kula da ɗaki. Dalilin ba ƙin yarda da ɗanki ba ne. Yaro mai tausayi zai ga abokinsa na zazzaɓi ya miƙa masa ƙwaya biyu, zazzaɓin ya lafa, ba wanda ya sani, ciwon ya kwana uku yana zagaya ɗaki. Kuma ko da wasa kada ki saka asfirin. Yaron da ke da ƙarambau ko mura mai zafi in ya sha ta, tana iya jawo wani mugun ciwo da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Sai katin rigakafi. Ki buɗe shi yau, ba daren tafiya ba. Ki duba ko allurar ƙyanda biyu ce ko ɗaya. Biyu na ba da kariya kusan kashi 97 cikin 100, ɗaya kusan 93, kuma jiki na ɗaukar sati biyu zuwa uku kafin allurar ta kama aiki. Ƙyanda ba ta jiran a taɓa juna, tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, har 9 na iya kamuwa. Tunda ya kai 11, ki tambayi likitansa batun allurar sanƙarau da ta tetanas ma.

Baban Auta:
Anti Nas, a yi min afuwa, ni ina ganin ana tsananta abin nan. Mu ma mun kwana a ɗaki ɗaya mu ashirin muna yara, ga mu nan da ranmu. Duba yaro a bakin ƙofa kamar za a shiga da shi tiyata, wannan ai neman suna ne kawai.

Tsohon Mai Ɗaki:
Baba, da girmanka, amma ni na yi aikin kula da ɗakin yara bazara uku, bari in ba ka labarin dare ɗaya. Ba zan kira sunan wurin ba. Yara 12 ne a ɗakina, gado mai hawa biyu guda shida. Dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, yaron da ke saman gado na kusa da ƙofa ya leƙo da kansa ya kwararo amai. Ya sauka kan tsani, kan takalman mutum uku, kan bargon na ƙasa. Ni da rashin sani na ɗauki tawul da bokitin ruwa na goge da hannuna, ba safar hannu, na fesa turaren ɗaki, na shafa sanitaiza, na ce kowa ya koma barci. Da safe muka tafi cin abinci tare, yaran suna miƙa wa juna cokalin zuba abinci. Kafin kwana biyu, rabin ɗakin na layi a banɗaki, ni ma ina kwance. Da aka tambayi yaron farko sai ya ce ai ƙanwarsa ta yi ta amai a gida kwana ɗaya kafin su taho, shi ma cikinsa ya juya a mota, aka ce masa kada ya faɗa kar a mayar da shi.

Tambaya ɗaya ce a bakin ƙofa da za ta iya tsare mu: "Akwai wanda ya yi amai ko gudawa a gidanku cikin kwana biyun nan?" An yi tambayar kuwa. Amsar ce ba a ba da ta gaskiya ba.

Anti Nas:
Wannan labari kamar an zana norobairas, ƙwayar cutar amai da gudawa mai saurin yaɗuwa. Awa 12 zuwa 48 ne tsakanin kamuwa da fara amai, shi ya sa yake zuwa rukuni-rukuni. Kuma sanitaiza ba ta yi masa abin kirki, sai sabulu da ruwa, daƙiƙa 20 ana cuɗawa. Wurin da aka yi aman bilic yake so. Hukumar CDC ta Amurka ta ce babban cokali 5 zuwa 25 na bilic ɗin gida a galan ɗaya na ruwa, a bar shi aƙalla minti 5 kafin a goge, mai gogewa da safar hannu. Wanda ya warke kuma kada ya taɓa abincin kowa sai ya yi awa 48 ba amai ba gudawa.

Uwar Biyu, ga tambayar da zan yi musu in ni ce: in yaro ya yi amai ƙarfe ɗaya na dare, wa ke gogewa, da me, kuma ina yaron zai ƙarasa kwana? In suka amsa nan take, sun taɓa gani sun shirya. In suka fara "ai bai taɓa faruwa a nan ba", ki san ko sababbi ne ko ba sa faɗin gaskiya.

Maman 'Yan Mata:
Hmm. Ni kam jikina ya yi sanyi. Bara na yi irin wannan. Yarinyata ta tashi da zafin jiki ranar tafiya, na riga na biya kuɗi, ta yi wata biyu tana ƙirga kwanaki, na ba ta farasitamol a mota awa ɗaya kafin mu isa. Ta wuce ma'aunin zafi lafiya lau. Washegari da yamma aka kira ni, ciwon maƙogwaro ne mai buƙatar antibayotik, kuma ta gefen gadonta ma ta fara. Na je na ɗauko ta ina sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona min rai, da na faɗa tun farko, cewa suka yi da sun bar ta ta zo bayan kwana biyu, gadonta na nan.

Anti Nas:
Allah ya saka da alheri da kika faɗa, Maman 'Yan Mata, ba kowa zai iya ba. Kuma kin taɓo abin da iyaye ba sa tambaya: shin akwai damar zuwa a makare? Ƙa'idar da yawancin wurare ke bi ita ce awa 24 ba zazzaɓi, ba tare da maganin sauke shi ba. Ciwon maƙogwaron ma in aka fara antibayotik, cikin yini ɗaya yaro ya daina yaɗawa in zazzaɓi ya sauka. Ƙarambau ce mai jan lokaci, sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo.

Baban Auta:
To ai kun ga magana ta ta fito. Duba a ƙofa bai kama na Mai Ɗaki ba, bai kama ta Maman 'Yan Mata ba. Amfaninsa me?

Malam Mai Karatu:
Baba, kana da gaskiya rabi. Ƙofa ita kaɗai ba ta isa ba, kuma an gwada an gani. A watan Yunin 2020, lokacin korona, wani sansani a jihar Jojiya ta Amurka ya ce kowa ya zo da takardar gwajin da ke nuna ba ya ɗauke da cutar, wadda ba ta wuce kwana 12 ba. Mazauna jihar 597 ne suka halarci wurin. Amma ba a buɗe tagogi da ƙofofi don iska ta ratsa ba, yara ba sa sa takunkumi, kullum ana waƙa da ihu a tare. Cikin 344 da aka samu sakamakon gwajinsu, 260 sun kamu, aka rufe wurin. A bazarar nan dai, sansanoni huɗu a jihar Men sun karɓi mutum 1,022. Su kuma sun sa an killace kai kafin zuwa, aka yi gwaji kafin isowa da bayan isowa, aka raba yara ƙananan rukunoni da ba sa cuɗanya. Mutum uku aka samu da cutar, aka ware su, ba ta tsallaka ga kowa ba. Ƙofa iri ɗaya ce kusan, abin da ake yi bayan an shiga ne ya bambanta.

Akwai ma na 2009, da yaro ɗan shekara 11 ya dawo daga Ingila da hangum ya shiga wani sansani a jihar Niyok. Yara suka koma gida da shi, kafin shekara ta zagayo an ƙirga sama da mutum 3,500, da yawansu ma sun yi allura biyu. Cunkoso fuska da fuska na iya fin ƙarfin allurar hangum. Don haka in yaro ya dawo, a sa masa ido har kwana 25, kuma in za a kai shi asibiti a faɗa wa likita daga ina yake.

Tsohon Mai Ɗaki:
Kan maganar iska, Hajiya ranar da za ki kai shi ki shiga ɗakin da kanki. Ki duba ko tagogi na buɗuwa kuma da raga. Ki duba yadda aka jera gadaje: a shekarata ta uku mun koma kwanciyar kai da ƙafa, na sama kansa gabas, na ƙasa kansa yamma, na gefe ma haka, don kar a kwana ana numfashi a fuskar juna. Ki leƙa banɗaki ki danna robar sabulu. Nan ake gane wuri, ba a hotunan shafinsu ba.

Abin sakawa kuwa: gorar ruwa da sunansa da manyan baƙi, tawul biyu, silifas na wanka, mataji nasa. Ki ja masa kunne kan shan baki ɗaya da aron hula da filo. Ƙwarƙwata ba ta tsalle ba ta tashi, kai da kai take bi, yara kuma sai su haɗa kawuna shida kan fitila ɗaya suna hira. Makero shi ma tawul da mataji yake bi.

Kakar Yara:
Ni tsohuwa ba ni da boko da yawa, amma jikana da ya je, uwarsa ta manta abu ɗaya: ba ta ce masa ya faɗa in ba shi da lafiya ba. Yaron nan ya kwana biyu da gudawa yana ɓoyewa don kunya, har yana shiga ruwa da sauran. Ki zaunar da shi ki ce masa faɗa ba ragwanci ba ne, ki nuna masa nas ɗin da yatsa ranar farko.

Anti Nas:
Kaka kin gama magana. Kuma ruwan nan da kika ambata, akwai ƙwayar gudawa da ake kira kirifto wadda ke rayuwa sama da kwana 7 a tafkin iyo ko da kulorin ɗinsa, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, daidai yake. Mai gudawa ba ya shiga ruwa, in kuma an tabbatar kirifto ce, sai sati biyu bayan ta tsaya.

Abu biyu da nake so kowane mai kula da ɗaki ya sani ko da an tashe shi daga barci. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko ɗige-ɗige a fata da ba sa ɓacewa in an danna su da gefen kofin gilashi, wannan asibiti ne a daren, ba a jiran safiya. Sai jemage: in aka farka aka gan shi a ɗakin kwana, ba kora ta taga a manta ba. Cizonsa ƙarami ne har ba a gani, kuma jemagen na iya zama ɗauke da ciwon haukan kare, sai an kira hukumar lafiya ta duba kowa da ke ɗakin.

Malam Mai Karatu:
In wurin daji ne mai kaska, musamman yankunan da ke da cutar Layim kamar arewa maso gabashin Amurka da sassan Turai, a koya masa duba jikinsa kullum da yamma: bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, ƙugu. Galibi sai ta wuce yini ɗaya a maƙale kafin ta zuba cutar. Da hantsaki mai siririn baki ake cire ta, a kama dab da fata a ja a tsaye. Ba ƙonawa, ba shafa mai.

Baban Auta:
Na ji. Ni dai har yanzu ina ganin shafi huɗu ya yi yawa. Amma autana allurar ƙyanda ɗaya na gani a katinsa, gobe zan kai shi.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira su ɗazu. Nas tana kwana a wurin, ɗakin jinya gado huɗu da banɗakinsa daban, asibiti mafi kusa minti 25 a mota, kuma sun yarda da zuwa a makare. Tambayar aman ƙarfe ɗayan dare ce matar ta ɗan yi shiru, ta ce za ta tambayo ta kira ni. Na fitar da jakar magani. Anti Nas, saura abu ɗaya: inhelarsa wata mai zuwa za ta ƙare aiki, ranar ta faɗo tsakiyar sati na biyu. In karɓo sabuwa ko wannan za ta kai shi?

Anti Nas:
Karɓo sabuwa, biyu ma in likita ya yarda. Ɗaya wurin nas, ɗaya a aljihunsa, ki rubuta sunansa a jikin kowace, ba a kwali kaɗai ba. In matar ta kira ki dawo ki faɗa mana me ta ce.