Wanka yana kashe zomo, ko faɗa ce kawai?

Maman Amira: Assalamu alaikum, 'yan zauren kiwo. Zomanyar da aka saya wa Amira, fara tas, watanta bakwai a gidan nan. Kwana biyun nan bayanta ya yi kaca-kaca da kashi, gashin wajen ya dunƙule, ga zarni. Na ɗora ruwa zan yi mata wanka da sabulun jarirai, sai ƙanin maigidan ya ce kul, wai wanka kashe zomo yake yi. Gaskiya ne ko camfi? Ruwan na kan wuta, ku taimaka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sauke ruwan nan, Hajiya. Ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba. Zomo da kansa yake wankansa, kamar kyanwa. Ki zauna ki lura da ita da yamma, za ki ga tana lasar hannuwanta tana goge fuska, ta jawo kunne ɗaya ta lashe shi, ta koma ɗayan. Tun ina saurayi nake kiwonsu a Zariya, ban taɓa tsoma ko ɗaya a ruwa ba.

Baban Khalifa: Malam, da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Ni a Sakkwato nake. Shekara huɗu ke nan, duk watan Afrilu idan rana ta take nakan tsoma nawa a baho in fito da su, kuma babu wanda ya mutu a hannuna saboda haka. Zafi ne ya taɓa kashe mini biyu a wuni ɗaya, kafin in fara. Ana tsorata mutane ne kawai. Dabbar da ruwan damina ke duka a dawa, ita ce ruwan baho zai kashe?

Anti Rabi: Baban Khalifa, ni ganau ce ba jiyau ba. Bara cikin hunturu yarana suka yi wa namu wanka da hantsi, da ruwan ɗumi ma, suka goge shi da tawul. Sama ya bushe, muka ɗauka shi ke nan. Da magariba na same shi a lungun keji ya takure, kunnuwansa sanyi ƙalau, ya ƙi ko kallon abinci. Da na buɗa gashin, can ciki jiƙe yake. Kafin asuba ya mutu. Ƙaramar tawa kwana uku tana kuka. Har yanzu abin yana damuna, don ina gida aka yi, ban hana ba.

Baban Khalifa: Allah ya mayar da alheri, Anti. Amma kin ce hunturu. Ni zancen bazara nake yi.

Sadiku: Ni dai Baba, na ga masu sayar da su suna wanke su da omo don su yi fari kafin a kai kasuwa. Wani ma ya ce a ɗan ɗiga maganin nan mai sa ruwa fari na wankan mai jego, yana kashe ƙuma.

Malam Habu: Sadiku, mai sayarwa gobe zomon ba ya hannunsa. Kada ka koyi kiwo a wajen wanda zai rabu da dabba kafin la'asar.

Dakta: Salamu alaikum. Na karanta duka. Bari in fara da inda Baban Khalifa yake da gaskiya: ba kowane zomo da aka yi wa wanka ke mutuwa ba, kuma zafi babban makashinsu ne. Da zarar zafin wuri ya haura digiri 30 sun fara shan wuya, mu kuwa a nan Afrilu yakan kai 40 har ya wuce. Amma zomayenka sun tsira daga haɗari ne, Alhaji, haɗarin yana nan.

Abin da muke gani a wajen aiki shi ne wannan. Zomo dabba ce da komai ke farauta, firgici kaɗai yana iya sa ya sandare, zuciyarsa ta kasa. Idan ya ji ƙafarsa ba ta taka ƙasa, ga ruwa, sai ya yi harbi da ƙafafun baya iya ƙarfinsa. Ƙafafun nan ƙarfi gare su, ƙashinsa kuwa ba shi da nauyi: gaba ɗaya bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba. Harbi ɗaya a baho mai santsi ya isa ya karya ƙashin baya ya taɓa laka. An sha kawo mini zomo yana jan ƙafafun baya, in tambaya, a ce ai wanka kawai aka yi masa. Irin wannan karaya da wuya ta warke.

Sai gashin. Hawa biyu ne, akwai na sama, akwai laushin ciki mai kama da auduga. Na cikin idan ya sha ruwa yakan ɗauki sa'o'i bai bushe ba. Zafin jikin zomo tsakanin digiri 38.5 ne zuwa 40, jiƙaƙƙen gashi kuma zuƙe shi yake yi. Abin da ya faru da na Anti Rabi ke nan. A bazara kuma danshin da ya maƙale a fata shi ke jawo ƙuraje da ƙudaje.

Baban Khalifa: To Dakta, na dawan fa? Wa ke riƙe masa lema?

Malam Habu: Na dawa ruwan sama a bayansa yake sauka ya zirare, ya samu gindin kurmi ya laɓe. Ba wanda ya kama shi ya nutsa shi har ciki, ya cuɗa masa sabulu ya wanke maiƙon gashin. Ba ɗaya ba ne.

Dakta: Haka ne. Kuma maganar zafi, Alhaji, ta kunne zomo yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa jijiyoyin jini suka cika kunnen. Ka jiƙa tsumma da ruwan randa ka shafa a bayan kunnuwan, kada ya shiga ciki. Ka daskarar da ruwa a gora, ka naɗe ta da tsumma ka ajiye a keji, da kansa zai je ya kwanta a jikinta. In babu wuta, ka jiƙa buhun algarara ka rataya ta inda iska ke shigowa, ka sa masa tayil ko fasasshen tulu ya kwanta a kai. Kwanon rufi kuma a ɗora masa zana. Zomon da zafi ya riga ya galabaitar, idan aka tsoma shi a ruwan sanyi farat ɗaya, nan take yana iya tafiya.

Sadiku, wancan maganin da omo duk a bar su. Zomo ba ya iya amai. Duk abin da ya lasa a jikinsa ya shiga ke nan, ba hanyar dawowa. Haka maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fifronil, guba ne ga zomo. Baƙin mai da ake shafa wa masu ƙazuwa shi ma a daina. Ƙazuwa da ɓawon cikin kunne ƙwari ne ke kawo su, wanka ba ya taɓa su, allurar ibamektin ake yi bisa nauyin dabbar.

Maman Amira: Na sauke ruwan, Dakta. Amma haka zan bar ta da kashi a jiki? Ƙudaje fa sun fara binta.

Dakta: A'a Hajiya, wannan kam yau za a cire shi, kada ya kwana. Ƙuda yana yin ƙwai a irin wajen nan, a zafin nan kafin kwana ɗaya sun zama tsutsa, su fara cin fata. Ki fara dubawa da kyau. In kin ga tsutsa ko rauni, ki ɗauke ta sai asibitin dabbobi yanzu.

In babu, ki fara da busasshiyar hanya. Ki barbaɗa sitacin masara a wajen, ba hodar shafawa ba, ki murza da yatsu a hankali, ki taje. In ya ƙi, sai ruwa, amma bayan kaɗai. Ki shimfiɗa tawul a cikin roba don kada ƙafarta ta zame, ki zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, zurfin yatsu biyu. Ku zama ku biyu, a ƙasa ba a kan tebur ba. Ɗaya ya rungume ƙirjinta a jikinsa, ɗaya ya jiƙa wajen har kashin ya saki da kansa. Kada ki fizga, kada ki sa almakashi ko reza, fatar wajen siririya ce ainun. Kada a ɗaga ta ta kunne. In ta fara harbi ku tsaya. Bayan nan ki tsane da busasshen tawul, ki sake wani, sai kin buɗa gashin kin ji har fata a bushe. Kada ki sa ta gaban fanka.

Baban Khalifa: To ai ga shi nan. Dakta da kansa ya ce a sa ta a ruwa. Wankan ne dai aka sake wa suna.

Malam Habu: Haba Alhaji. Tsarki daban, wanka daban, wannan ko yaron makarantar allo ya sani. Yatsu biyu na ruwa saboda lalura, ina ya haɗu da nutsa lafiyayyen zomo a baho?

Dakta: Hajiya, me take ci?

Maman Amira: Dusa, da ɗan karas. Amira kuma tana ba ta biredi da biskit, wani lokaci ragowar shinkafa.

Dakta: Ga tushen matsalar nan. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai kama da ƙwallo da kike sharewa, akwai mai laushi a cure da yake fitarwa galibi da dare ko da asuba, ya sunkuya ya cinye shi tun daga mafita, don akwai abinci a ciki. Idan gari da zaƙi suka yi yawa, mai laushin sai ya yi yawa ya ƙara ruwa, ta kasa cinyewa, ya manne a gashi. Ƙiba da ciwon haƙori su ma suna hana ta kaiwa wajen. Ki wanke yau, in biskit bai tsaya ba jibi ya dawo. Harawa da busasshiyar ciyawa su zama mafi yawan abincinta, kullum a gabanta, dusa 'yar kaɗan. Zarnin kuma na keji ne, ki riƙa sauya shimfiɗa kullum.

Anti Rabi: Ki sa Amira ta riƙe miki tawul ta gani da idonta, ita za ta fi kowa kiyayewa bayan haka.

Baban Khalifa: Ni har yanzu ban yarda a ce wanka kai tsaye kisa ne ba, don na yi na gani. Amma maganar ƙashin baya ta tsaya mini a rai, akwai wata uwa da ke fizge-fizge sosai idan na ɗauke ta. Bana zan gwada gora da buhu, zan faɗa muku yadda aka yi bayan Mayu.

Maman Amira: Alhamdu lillahi, babu tsutsa. Sitacin ya cire rabi, sauran sai da muka sa ruwan, ni da ƙanin maigidan. Ta yi harbi sau ɗaya muka dakata ta natsu. Ta bushe har ciki, na buɗa na taɓa. Amma tun ɗazu ta koma lungu, ba ta ci komai ba.

Dakta: Ki bar ta wuri mai shiru, ki ajiye mata harawa da ruwa kusa da ita. Ki duba ko tana kashi. In ta kai sa'a 12 ba ci ba kashi, kada ki jira, ki kai ta asibitin dabbobi, don cikin zomo ba ya son tsayawa.

Maman Amira: To Dakta. Yanzu na ga ta jawo harawa ɗaya tana ci. Zan leƙa ta bayan isha'i.