Tattakin kullum da zafin rana: me ya kamata a yi wa fata?

Malama: Assalamu alaikum. Na mayar da tattaki al'adata ta kullum, sai dai na lura goshina da kumatuna suna ƙara duhu, tsofaffin tabon ƙuraje kuma sun fito fili. Wace dabara kuke amfani da ita, don ba na son in daina tafiyar?

Alhaji: Wa alaikumus salam. Malama, kafin ki sayi komai, ki fara da sauya lokacin fita. Hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne ke lahanta fata, ya fi ƙarfi daga misalin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, saboda haka tattakin sanyin safiya ko na bayan la'asar ya rage miki mafi yawan matsalar ba tare da kin kashe ko sisi ba. Idan babu agogo, ki dubi inuwarki: muddin ta fi ki gajarta, rana tana kan ganiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma rabin awa sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin wannan adadi.

Yaya: Alhaji, da girmamawa, ashe mu masu baƙar fata ma muna bukatar wannan taka-tsantsan? Na ɗauka launinmu ya wadatar.

Hajiya: Ɗana, launin yana taimakawa, amma bai wadatar ba. Sinadarin melanin, wanda ke ba fata launinta, yana rage ƙonewa, shi ya sa fatarmu ba ta saurin yin ja, sai dai rana tana sa fata ta ƙara samar da shi, kuma abin da ke ƙara wa tabon Malama duhu ke nan. Hasken iri biyu ne ke iso mana: UVB mai ƙona saman fata, da UVA mai ratsawa ciki ya jawo yamushewa da wuri, wanda har gilashin taga yake ketawa. Malama, ki nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama (SPF ma'aunin ƙarfin kariyarsa ne), wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana tare duka biyun. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, SPF 50 kuma kusan 98, don haka bambancinsu bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Inda mutane ke yin asara shi ne ƙarancin shafawa. Ki matsa man a tsawon yatsu biyu, manuni da na tsakiya, domin fuska da wuya, ki shafa kamar minti 15 kafin fita, kada kuma ki manta da kunnuwa da bayan hannu. Bayan awa 2 a sake, ko kafin haka idan gumi ya wanke shi.

Malama: Hajiya, na gode. Wanda na taɓa gwadawa ya bar mini fari-fari a fuska kamar na shafa toka.

Hajiya: Wannan aikin zinc oxide ne ko titanium dioxide, sinadaran da ake sawa a wasu mayukan kariya, kuma a baƙar fata ya fi bayyana. Ki gwada wanda aka sa wa launi, domin yana sajewa da fata, kuma sinadarin iron oxide da ke cikinsa yana tare wani ɓangare na hasken da ido ke gani, wanda shi ma yake ƙara duhun tabo. Kada ki ajiye kwalbar a cikin mota, zafi yana lalata shi.

Alhaji: Ni dai na fi yarda da sutura, tun da ita ba a sake shafa ta. Ki ɗaga yadin ki duba haske ta cikinsa. Idan kina hango rana ta saƙar, to ita ma tana iso fatarki. Hula mai faɗin baki da tabarau mai alamar UV400, wato mai tare hasken UV, suna taimakawa wajen kare fuska da ido. Ranar hadari ma kada a saki jiki, domin yawancin hasken yana ratsa siririn gajimare.

Baba: Abu biyu zan ƙara, 'yata. Kada duhun nan ya kai ki ga man bilicin, domin yana rage melanin ɗin da ke kare ki, wasu kuma suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata. Na biyu, wasu magunguna, irin su doxycycline da ake ba masu ƙuraje, suna sa fata ta kasa jure rana, don haka mai shan su ya tambayi likitansa. Duk lokacin da kika cire takalmi kuma, ki duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, saboda a baƙar fata nan ne mugunyar sankarar fata ta fi fitowa, ko da yake rana ba ta kai wurin. Tabon da yake girma ko yake sauya launi, likitan fata za a nuna wa.

Yaya: Baba, Allah ya ƙara girma. Hajiya, mai yawan gumi irina fa, wane man kariya ne ya dace da shi?

Hajiya: Ka nemi wanda aka rubuta yana jure ruwa, za ka ga an sa minti 40 ko 80, kuma iyakar juriyarsa ke nan kafin ka sake shafawa.