Ciwon hanta nau'in E a naman daji: ya shafi wanda ba ya cin alade?

Ɗan Tudu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitocin da ke wannan zaure. Ana cewa a Turai da Japan mafarauta na ɗaukar ciwon hanta nau'in E daga namun daji, musamman aladen daji. To mu da ba ma cin alade, abin ya shafe mu? Ina batun barewa da zomo da raƙumi? Kuma shi ne ciwon shawarar nan da ya riƙa kashe mata masu ciki a Diffa?

Likitan Dabbobi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙwayar cutar ɗaya ce amma zuriyarta daban-daban, an ba su lambobi. Ta 1 da ta 2 mutum kaɗai suke kamawa, ta hanyar ruwan sha da bayan gida ya gurɓata. Irin wannan ce ta ɓarke a Diffa da Ngala a 2017, da Am Timan ta Chadi daga 2016, babu ruwan naman daji a ciki. Ta 3 da ta 4 su ne na dabbobi: aladen gida, aladen daji, barewar Turai da ta Japan, da zomo. Ta 7 kuma a raƙumi mai tozo ɗaya aka same ta.

Alade shi ne babban ma'ajiyar, amma barin cinsa bai rufe ƙofar ba. Aladen daji yana zubar da ƙwayar a kashinsa, barewa ta zo ta yi kiwo ko ta sha ruwa a wurin. A 2003 a lardin Hyogo na Japan mutum huɗu sun kwanta bayan sun ci ɗanyen naman barewa. Da aka gwada ragowar naman da ke cikin firiza, sai aka tarar ƙwayar da ke ciki ita ce a jininsu. Wannan ya nuna mana abu biyu: barewa na watsa cutar, kuma ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar.

Abin da ya fi damuna shi ne dabbar ba ta nuna alama. Ga ta da ƙiba, gashi na sheƙi, hanta jawur babu tabo, alhali ƙwayar na ciki. Mai duba nama ba zai gane da ido ba. A hanta take hayayyafa, ta bi madaciya ta gangara hanji, wani lokaci kuma ta shiga jini. Don haka lokacin fiɗa ne haɗarin ya fi yawa. A sa safar hannu ta roba, a ɗaure duk wani yanka da ke hannu. A farke ciki a hankali kada wuƙa ta huda hanji ko ta fasa madaciya, domin da zarar ta fashe tsokar da ke kusa ta gurɓata. Wuƙar kayan ciki daban, ta yanka tsoka daban. Kada a ci goro ko a sha sigari hannu da jini. Kayan cikin da ba za a ci ba a binne su, kada a jefa wa karnukan farauta ɗanyu. Wani bincike a Jamus a 2015 ya nuna mafarautan da ke sa safar hannu wajen fiɗar aladen daji sun fi ƙarancin alamar kamuwa a jininsu.

Malamar Lafiyar Abinci:
Dakta ya gama da fiɗa, bari in ɗora a kan girki. Gwajin da aka yi a Faransa ya nuna sai zafin ya kai digiri 71 na ma'aunin Celsius a tsakiyar naman, ya tsaya haka minti 20, kafin ƙwayar ta mutu. Digiri 56 na awa guda bai gama da ita ba. A lura, tsakiyar naman ake nufi, ba bayansa ba. Hantar da aka ɗora a garwashi ta ƙone a waje, aka yanka sai jan ruwa ya fito, ba ta dahu ba. Idan babu ma'aunin zafi, a yanka ƙanana, a tafasa a ruwa ko romo, a ƙirga minti 20 daga lokacin da tukunya ta fara tafasa. Farfesu ya fi gashi aminci a nan.

Kuskuren da ake yawan yi kuma shi ne a dafa naman da kyau, sannan a yanka albasa da tumatir a kan katakon da aka yanka ɗanyar hanta. A wanke katako da wuƙa da ruwan zafi da sabulu. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya tasiri sosai a kan wannan ƙwaya, ruwa da sabulu ne abin dogaro.

Ɗan Tudu:
Na gode, Hajiya. To banda fa, ko shanya da gishiri?

Malamar Lafiyar Abinci:
Ba su wadatar ba. A tsibirin Kosika na Faransa ana yin wani nama da hantar alade, a sa gishiri a shanya, wani lokaci a ba shi hayaƙi, a ci ba dahuwa, kuma an tabbatar mutane sun kamu ta dalilinsa. Hayaƙi busar da nama yake yi, ba lallai ya kai zafin da ake buƙata a ciki ba. Naman dajin da aka yi wa banda a sake dafa shi.

Likitan Hanta:
Malam, zuriyar dabbobi yawanci ba ta kwantar da mai lafiya. Da yawa sukan kamu su warke ba su sani ba. Wanda ta nuna masa alama, sai bayan mako 2 zuwa 10 da cin naman, shi ya sa ba ya alaƙanta su. Kasala, tashin zuciya, zazzaɓi kaɗan, fitsari ya yi duhu, ido ya yi ɗorawa. Wasu ma jijiya take taɓawa: ciwo mai tsanani a kafaɗu, sannan hannu ya yi rauni.

Waɗanda nake ji wa tsoro su ne dattawa maza, mai tsohon ciwon hanta irin nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasashenmu, da mai raunin garkuwar jiki, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda ko yake shan maganin kansa. A jikin waɗannan na ƙarshe ƙwayar kan zauna fiye da wata 3, ta lalata hanta cikin 'yan shekaru. Likita kan fara da rage maganin danne garkuwa, in bai yi ba a ba da maganin kashe ƙwayar cuta mai suna ribavirin na wata 3, wanda ba a ba mai ciki domin yana nakasa ɗan tayi.

Batun raƙumi kuwa shi ya fi kusa da mu. A 2016 an ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, yana yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, aka sami zuriya ta 7 ta zauna a jikinsa. Don haka nonon raƙuma a tafasa shi. Akwai kuma wata 'yar uwar wannan ƙwaya ta ɓera da aka fara tabbatarwa a jikin mutum a Hong Kong a 2018, dalili ke nan na rufe abinci da ruwa daga ɓeraye.

Amma mace-macen masu ciki, wanda kan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a watannin ƙarshe, na zuriyar da ake ɗauka ta ruwan sha ne. Mai ciki da idonta ya yi ɗorawa a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara ko farasitamol, duka suna ƙara wa hanta nauyi. A nemi gwajin IgM na nau'in E, wato gwajin jini mai nuna alamar sabon kamuwa, kuma a gaya wa likita abin da aka ci da ruwan da aka sha cikin wata biyu da suka wuce. Mai raunin garkuwa kuma gwajin PCR, mai neman ƙwayar kanta, za a yi masa, domin IgM kan ƙi nunawa a jininsa ko da yana ɗauke da ƙwayar.