Me yasa kuɗin kawo kaya ke tashi idan mutum yana nesa da gari?

Ɗan_tsibiri: Salam jama'a. Na sayi power bank a intanet, an rubuta kawowa kyauta, ina saka adireshi sai kuɗi ya ƙaru, ƙarshe ma suka ce ba sa kaiwa tsibiri. Wai meye dalili ne don Allah?

Maman_Iman: Wa alaikumus salam. Kyautar nan ta cikin gari ce ɗan uwa. Kamfanonin kai kaya irin su DHL da FedEx da UPS duk suna da jerin lambobin gidan waya da suke ɗauka wurare masu nisa, lambarka na faɗawa ciki sai ƙarin kuɗi, don mota zata yi doguwar tafiya saboda kwali ɗaya ko kuma sai an biya jirgin ruwa.

Injiniya: Batirin ne matsalar malam. Batirin lithium yana cikin kaya masu haɗari a dokar jiragen sama saboda yana iya kamawa da wuta, haka turare da fenti. In tsibirinku ta sama ake kai kaya to shikenan.

Maman_Iman: Ka tura adireshin wani ɗan uwanka dake cikin gari kawai ya taho maka dashi, amma in jirgin sama zai hau a jakar hannu zai saka.